Gidan Kaya ko Gidan Gwaji: Wanne Gidan Kimiyya Ya Cancanci Yininka?

Wanda ya sauka wani babban birni da yini guda a hannu, ya ce bari ya kai yara gidan kimiyya, ko ya kai kansa, sau da yawa yakan tarar ba gida ɗaya ba ne. A Faris akwai Musée des Arts et Métiers, akwai kuma Cité des Sciences. A Tokyo akwai tsohon gidan kimiyya na ƙasa da ke unguwar Ueno, ga kuma Miraikan can wajen bakin teku. Dukansu kimiyya da fasaha suke tallatawa, hotunan tallarsu ma kusan iri ɗaya ne, yaro ya saki baki yana kallon wani abu mai walƙiya. Amma cikinsu ya sha bamban, kuma wanda ya shiga wannan da tsammanin wancan yakan fito da ciwon ƙafa, yana jin an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Don sauƙi, bari in kira na farko gidan kaya, na biyu gidan gwaji. Dukiyar gidan kaya ita ce ainihin abubuwan da aka ƙera aka yi aiki da su: injin da ya ja taragu, kumbon da ya je sama ya dawo, madubin da wani ya hango taurari da shi shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Ana adana su ne don kada su lalace, shi ya sa akasari a bayan gilashi ko igiya suke. Gidan gwaji kuwa ba shi da wani abin tarihi da zai yi tinƙaho da shi. Abin da ya tara na'urori ne da aka ƙera musamman don ka taɓa, ka murɗa, ka ja, ka hura, ka hau, har wata ɗabi'a ta haske ko iska ko sauti ta fito fili a gabanka.

Abin da ke bayan gilashi

A Science Museum na Landan akwai kumbon Apollo 10, wanda ya ɗauki mutum uku suka zagayo duniyar wata a Mayun 1969, kafin saukar Neil Armstrong a Yuli. Wanda ya saba ganin hotonsa yakan zaci wani ƙaton abu ne. Sai ka tsaya gabansa ka ga faɗin gindinsa bai kai mita 4 ba, jikinsa ya dafe, gindin ya babbake saboda zafin da ya sha lokacin da ya keto iskar duniya zai dawo. Ka leƙa ciki ka ga wurin kwanciyar mutum uku kafaɗa da kafaɗa, maɓallai birjik a saman kansu, ka tuna cewa tafiyar Stafford da Young da Cernan kwana 8 ta ɗauka. Babu bidiyon da ke ba da wannan ƙuncin. Sai jikinka ya auna shi da kansa.

Haka jirgin 'yan'uwan nan Wright da ke gidan jiragen sama na Smithsonian a Washinton. Itace ne da yadi da waya, da sarƙa irin ta keke tana juya farfela. Tashinsa na farko ranar 17 ga Disamba 1903 daƙiƙa 12 ya yi a sama, ya ci kimanin mita 37. A Museo Galileo na birnin Florence akwai madubin hangen nesa guda biyu da suka rage daga hannun Galileo, bututun katako, ɗaya an naɗe da takarda, ɗaya da fata, mai ƙarfin cikinsu ninki 20 da 'yar ɗoriya yake kusanto da abu. Da irin wannan kaya ya gano a 1610 cewa Jupita tana da watanni masu zagaya ta. A Deutsches Museum na Munik an jera kayan aikin da Otto Hahn da Lise Meitner da Fritz Strassmann suka yi amfani da su a binciken da ya kai ga gano tsagewar ƙwayar zarra a 1938, kuma duk tebur guda ya ɗauke su.

Darasin da ake samu a nan iri ɗaya ne ko'ina: manyan abubuwa da ƙananan kaya aka fara su, kuma mutane ne masu hannu biyu suka yi. Ana iya ƙera kwafin kowanne daga cikin waɗannan, amma kama da wane ba ta wane.

Sai dai gidan kaya ba ya yi wa baƙo magana sai baƙon ya zo da guzurinsa. Puffing Billy da ke Landan, wanda aka ƙera wajen 1813, shi ne kan jirgin ƙasa mai tururi mafi tsufa da ya rage a duniya. Wanda ya san haka zai yi minti goma yana zagaya shi. Ɗan shekara bakwai baƙin ƙarfe kawai yake gani, kuma gaskiyarsa. Komai ya dogara da ɗan allon bayanin da ke gefe, shi kuwa allon sai mai iya karatu, sai mai jin harshen da aka rubuta shi, sai kuma mai sauran ƙarfin tsayuwa. Tun a 1916 wani jami'in gidan zane-zane na Boston, Benjamin Ives Gilman, ya wallafa hotunan wani mutum yana durƙusawa, yana sunkuyawa, yana ɗage, duk don ya ga kaya ya karanta bayanansu, ya nuna cewa gidan tarihi yana da wata gajiya tasa ta daban. Fiye da shekara ɗari ke nan, an gyara tsayin akwatuna, amma gajiyar tana nan. Bayan awa biyu, injin da ya canza duniya da na kusa da shi duk ɗaya suke a ido.

Inda ake cewa taɓa

Gidan gwaji irin na yau ana danganta shi da Frank Oppenheimer, ƙanen J. Robert Oppenheimer mai jagorantar ƙera bam ɗin nukiliya. Shi ma masanin fiziya ne, ya yi aiki a wannan shirin. A 1949 ya rasa aikinsa na jami'ar Minnesota saboda tsohuwar alaƙarsa da jam'iyyar kwaminis, ya koma kiwon shanu a Colorado, daga baya ya shiga koyar da 'yan sakandare a wani ƙaramin gari. A aji ya ga cewa yaro bai cika yarda da abin da aka rubuta masa a allo ba sai ya gwada da hannunsa. A 1969 ya buɗe Exploratorium a San Faransisko, ya kuma yi abin da ba a saba ba: ya sa wurin ƙirar na'urorin a cikin zauren, a fili, baƙi suna kallon kafintoci da maƙera suna aiki. A wannan shekarar aka buɗe Ontario Science Centre a Toronto. Exploratorium ya koma bakin ruwa, Pier 15, a 2013, kuma na'urorinsa sun haura 600.

Ga misali guda, don a ga yadda abin yake aiki in ya yi kyau. Farin bango ne, da fitilu uku suna haska shi, ja da kore da shuɗi. Inda haskensu ya haɗu, bangon fari ne tas. Yarinya ta ɗaga hannu, sai ga inuwa uku maimakon ɗaya, kowacce da launinta, ɗaya daga ciki rawaya. To daga ina rawaya ta fito, alhali babu fitila rawaya a ɗakin? Ta matsa gaba, inuwoyin suka hau kan juna, tsakiyarsu ya yi baƙi. Ta ja baya, suka rabu. Ƙanenta ya je ya tare shuɗiyar fitila da jikinsa, bango duka ya koma rawaya. Nan take amsar ta fito ba tare da kowa ya karanta komai ba: inda shuɗi bai kai ba, ja da kore ne suka rage, su kuwa in sun haɗu a ido rawaya suke bayarwa. Yaran da suka saba haɗa fenti sun san ja da kore ƙasa-ƙasa suke bayarwa, saboda haka dole gardama ta tashi, kuma gardamar ita ce ribar. Da waɗannan launuka uku allon wayarka ke yin dukkan sauran launuka.

Irin waɗannan suna da yawa. Ƙwallo tana rawa a kan iskar da bututu ke hurawa, ka karkata bututun ba ta faɗi ba. Kujera mai juyawa, ka miƙe hannuwa ta rage gudu, ka naɗe su ta ƙara. Manyan faya-fayai biyu masu zurfi suna fuskantar juna daga ƙarshen zaure zuwa ƙarshe, ka yi raɗa a gaban ɗaya, na gaban ɗayan ya ji ka sarai duk da hayaniyar da ke tsakani. Tubalan roba da za ku jera su zama baka mai tsayuwa ba siminti, in kun sa na tsakiya. Kyamarar zafi da ke nuna tafin hannunka a bango bayan ka ɗauke shi. Duk ba sa buƙatar harshe. Wanda bai iya karatu ba da farfesa wuri ɗaya suke farawa, kuma wannan babbar fa'ida ce ga mai ziyara a ƙasar da bai jin yarenta.

Aibinsa ma a fili yake. Akwai hayaniya irin wadda ke sa ciwon kai. Akwai abin da masu aikin wuraren suka fi kuka da shi, wato yaro ya danna ya ruga: ya taɓa wannan daƙiƙa biyar, ya hango wancan, ya bar shi ya tafi, ya zagaye zaure duka cikin rabin awa ya ce ya gama. Akwai na'urorin da suka mutu, domin abin da hannu dubu ke murɗawa kullum dole ya gaji, kuma gidan da bai da masu gyara a cikinsa bayan 'yan shekaru takardar “ana gyara” ce ke yi wa baƙi maraba. Sannan gidan gwaji ba shi da mutane a cikin labarinsa. Za ka ga yadda lantarki ke fita daga maganaɗisu mai motsi a cikin naɗin waya, amma ba lalle ka ji sunan Michael Faraday ba, balle shekarun da ya yi yana fama kafin 1831. Sai abin ya zama kamar haka aka tsince shi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: manya sukan mai da kansu 'yan riƙon jaka. Su tsaya a baya suna ɗaukar hoto, ko suna karanta wa yaro amsa tun bai yi tambaya ba. Duka biyun asara ne. Yaron da babba ya durƙusa kusa da shi ya ce “me kake ganin zai faru in muka toshe wannan?” yakan daɗe a wurin fiye da wanda aka bari shi kaɗai.

Ba duk abin da ake taɓawa ne gwaji ba

Nan ne aka fi yin kuskuren zaɓi. Abubuwan da ake gayyatar baƙo ya taɓa kashi uku ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin gidajen biyu.

Akwai na danna-ka-kalla. Ka danna maɓalli, ɗan injin da ke cikin akwati ya motsa, ya tsaya. Wannan tsohon yayi ne. Oskar von Miller, wanda ya kafa Deutsches Museum a 1903, shi ya dage a kan injuna su riƙa motsi a gaban baƙi. Attajirin nan Julius Rosenwald ya kai ɗansa can a 1911, ya ga yadda yaron ya ƙi barin wurin, ya koma Shikago ya zuba kuɗi, aka buɗe Museum of Science and Industry a 1933. Landan ta buɗe zauren yara a 1931. Irin wannan yana da amfani wajen nuna yadda fistin ko giyar inji ke aiki, amma ko sau ɗari ka danna abu ɗaya zai yi.

Akwai na allon kwamfuta. Ka shafa, hoto ya canza, a yi maka tambaya, ka zaɓi amsa, a tafa maka. Ni dai a wurina wannan ne mafi rauni, kuma shi ya fi yawa a sabbin gidaje, domin ya fi sauƙin kafawa, ya fi kyau a hoto. Abin da ke faruwa a allon wani ne ya tsara shi tun farko. In ƙwallon da ke cikinsa ta faɗo ƙasa, mai rubuta manhajar ne ya ce ta faɗo. Yaron da ke da waya a gida ya san allo yana iya nuna komai, har doki mai fiffike, don haka ba shi da dalilin gaskata shi.

Sai na uku, inda ainihin iska ko ruwa ko haske ke hannunka, kuma sakamako yana canzawa gwargwadon abin da ka yi, har ka iya gwada abin da mai ƙirar bai yi tunani ba. Technorama da ke Winterthur a Suwizalan, mai wuraren gwaji sama da 500, a kan wannan aka gina shi, haka Exploratorium. Tambaya biyu sun isa su tace maka kowace na'ura: in na canza yadda nake yi, abin da zai fito zai canza? Kuma zan iya samun wannan a wayata?

Akwai kuma gidajen da kallo ne zalla. Museum of the Future na Dubai, wanda aka buɗe a Fabrairun 2022, gini ne da ya cancanci a je a gani, zobe mai tsayin mita 77 da rubutun Larabci a matsayin tagogi. Cikinsa tafiya ce ta hasashe zuwa shekarar 2071, da haske da sauti da ado. Wanda ya je da sanin haka zai ji daɗi. Wanda ya je don ɗansa ya fahimci yadda maganaɗisu ke aiki ya ɓata hanya.

Gidajen da suka haɗa biyun

Manyan tsofaffin gidajen kusan duk sun haɗa. Landan tana da kayan tarihinta, shiga kyauta, tana kuma da zauren gwaji mai suna Wonderlab da aka buɗe a 2016, wanda shi sai da tikitinsa daban. Shikago tana da jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Jamus, U-505, da aka kama a 1944, da ramin haƙar kwal da ake sauka ciki, da guguwar tururi mai tsayin kusan mita 12 da baƙi ke sarrafawa. Franklin Institute na Philadelphia yana da ƙatuwar zuciya da yara ke shiga ciki suna bin hanyar jini tun 1954.

A takarda wannan ne zaɓin da ya fi, tunda kowa zai samu nasa. A aikace taura biyu ba ta taunuwa. Iyali su shiga da safe, uba yana son injuna, yara sun hango zauren wasa, a yi ta ja-in-ja, a ƙare ba wanda ya ƙoshi. In gida irin wannan za ku, ku yanke tun daga waje: abubuwan tarihi uku ko huɗu da aka san labarinsu tun kafin a zo, a fara da su da sanyin safiya lokacin da ƙafa da hankali ke da ƙarfi, sannan a saki yara a zauren gwaji har su gaji. In aka juya tsarin ba ya yiwuwa. Yaron da ya ɗanɗana murɗa abu ba zai koma tsayuwa gaban gilashi ba.

Abu ɗaya da za ka tarar a gidajen iri biyu shi ne lilon Foucault, dunƙulen ƙarfe rataye da doguwar waya yana kai da komo. A 1851 Léon Foucault ya rataya mai nauyin kilo 28 da waya mai tsawon mita 67 a ginin Panthéon na Faris, don ya nuna wa jama'a da idonsu cewa ƙasa tana juyawa. Layin da lilon ke bi yana karkata a hankali, a Faris kimanin digiri 11 kowace awa. A kan layin da ya raba duniya biyu ba ya karkata ko kaɗan. Yawancin baƙi minti ɗaya suke yi a gabansa su wuce, ba su ga komai ba. Dabarar ita ce ka duba inda yake bi lokacin shigarka, ka sa alama a ranka ko ka ɗauki hoto, ka dawo lokacin fita.

To, wa zai je ina?

Yaro ƙasa da shekara shida, babu ma wata doguwar shawara: gidan gwaji, kuma wanda ya ware wa ƙanana wurinsu, mai ruwa da yashi da tubala. Cité des Sciences, da aka buɗe a 1986, yana da sashen yara da ake shiga rukuni-rukuni bisa shekaru da lokaci, wanda ke hana manyan yara tattake ƙanana. Daga bakwai zuwa sha biyu su ne ainihin waɗanda aka gina gidan gwaji dominsu, wurare irin su NEMO na Amsterdam ko Sci-Bono na Johannesburg, ko sashen kimiyya na ɗakin karatun Iskandariya a Masar. In ziyarar farko ce a rayuwar yaro, nan zan kai shi ba tare da wani jinkiri ba.

Matasa sun fi wuya. Ɗan shekara sha biyar yakan ji ya girmi zauren da ƙanana ke ihu, ya sa hannu a aljihu ya ƙi taɓa komai. Shi abin da ke kama shi abu ne na gaske mai girma ko mai haɗari: jirgin yaƙi, kumbo, tsawa. A Museum of Science na Boston akwai ƙaton injin tara lantarki da Robert Van de Graaff ya ƙera da kansa a shekarun 1930. Ana kunna shi ya riƙa jefa tartsatsi kamar aradu a kan wani kejin ƙarfe, ga mai bayani zaune a ciki lafiya lau, domin lantarkin ta bayan ƙarfen yake bi. Dalilin ke nan da ya sa cikin mota mai jikin ƙarfe ya fi fili aminci lokacin tsawa. Irin wannan nuni da mutum mai rai ke gabatarwa sau da yawa ya fi duk abin da ke zauren, kuma yana da lokacinsa, don haka jadawalin nune-nune shi ne abin da za ka fara nema da shigarka. A Exploratorium 'yan sakandare ne masu riguna ruwan lemo ke yin bayani, har da feɗe idon saniya a gaban baƙi. Da ɗan gari akan ci gari, kada a ji nauyin tsayar da su.

Babba shi kaɗai, ko mai karatun injiniya, ko dattijo mai son natsuwa, gidan kaya ya fi masa. Arts et Métiers, wanda asalinsa ya koma 1794, yana da injunan lissafin Pascal na shekarun 1640, da motar tururin Cugnot ta wajen 1770, da jirgin da Blériot ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi a 1909, yana rataye a cikin wata tsohuwar majami'a. Shiru, ba turereniya. Mai sha'awar gudummawar malaman Musulunci yana da zaɓi iri biyu shi ma. Gidan tarihin kimiyya na Oxford yana da tarin asturlabi na asali, faya-fayan tagulla da ake auna tsayin rana da taurari da su don sanin lokaci, da yawansu daga ƙasashen Musulmi. Gidan da Fuat Sezgin ya assasa a lambun Gülhane na Istanbul a 2008 kuwa yawancin kayansa sabbin ƙira ne da aka yi bisa bayanan tsofaffin rubuce-rubuce. Oxford za ka ga aikin hannun maƙerin da ya rasu ƙarnuka da suka wuce, Istanbul za ka ga faɗin fagen, daga agogon ruwa zuwa kayan tiyata.

Akwai kuma wani ma'auni da ke iya juya duk wannan lissafi, wato nisan tafiya. Tun a shekarun 1970 Exploratorium ya riƙa buga littattafan da ke bayyana yadda ake ƙera na'urorinsa dalla-dalla, cibiyoyi a ƙasashe da dama suka kwafa. Shi ya sa inuwa mai launi da ƙwallon kan iska da faya-fayan raɗa za ka same su a kusan kowace cibiyar kimiyya, babba ko ƙarama, kuma haske ba ya canza hali don an canza gari. Ƙaramar cibiya mai na'urori hamsin da duk suke aiki za ta ba yaro kusan abin da shahararriya za ta ba shi, har ta fi, in zai iya komawa sau da yawa. Amma jirgin Wright guda ɗaya ne a duniya. Saboda haka wanda ya yi doguwar tafiyar da ba lalle ya maimaita ba, kuma yana da wata cibiyar gwaji da zai iya kaiwa a wani lokaci, ya ba gidan kaya yininsa ko da yara za su ɗan yi ƙorafi. Sharaɗin kawai a ba su labarin abin da za su gani tun daren jiya.

Zauren taurari, mai rufi kamar ƙwarya a kife, yakan zo da tikitinsa daban a gidajen iri biyu. Kamfanin Zeiss ne ya ƙera na'urar farko, aka gwada ta a Munik a 1923. Kafin ka saya, tambayi abin da za a nuna. Wani fim ne kawai da aka shimfiɗa a rufi. Wani kuwa mutum ne zai kashe fitila ya nuna maka sararin daren ranar, ya ce ga Zara, ga Kaza da 'Ya'yanta, ga inda za ka neme su in ka fita. Na biyun ya fi daraja nesa ba kusa ba. Ƙananan yara wasunsu duhun na tsorata su, wasu kuma barci suke yi.

Kafin a kama hanya, a tabbatar abin da ake so a gani yana nan. Gidajen nan suna canzawa fiye da yadda ake zato. An rufe ginin Ontario Science Centre a Yunin 2024 saboda matsalar rufi. Deutsches Museum ya daɗe cikin babban gyara, an buɗe kashi na farko a 2022, aka rufe wasu sassan da suka yi suna. Kan jirgin ƙasan Stephenson mai suna Rocket, na 1829, wanda tsofaffin littattafan yawon buɗe ido ke cewa yana Landan, ya bar can tun 2018. Mutum-mutumin ASIMO da mutane ke zuwa Miraikan dominsa ya yi ritaya a 2022. Wasu gidajen kuma, ko da shiga kyauta ce, sai ka kama lokaci ta intanet tukuna.

Hanya mafi sauƙi ta gane irin gidan tun kana gida ita ce ka bar hotunan talla ka duba waɗanda baƙi suka ɗauka da kansu, ka lura da hannuwan mutane. In a bayansu suke ko a aljihu, gidan kaya ne. In a kan gilashin allo suke, ka rage buri. In suna riƙe da igiya, ko sun jiƙe da ruwa, ko mutum biyu suna jan abu ɗaya, gidan gwaji ne na gaske. Ka kuma duba ko masu sharhin kwanan nan suna yawan ambaton na'urorin da suka lalace.

Game da lokaci, safiyar ranakun aiki ta 'yan makaranta ce, motoci-motoci suke zuwa, su watse bayan azahar. Ƙarshen mako da lokutan hutu na iyalai ne, layi a gaban kowace na'ura mai farin jini. La'asar ɗin ranar aiki ita ce sararin mai son ya daɗe a kan abu guda. Babban da ke son gidan gwaji amma yana jin nauyin ture yara ya nemi daren manya: Exploratorium yana buɗewa daren Alhamis ga 'yan shekara 18 zuwa sama kawai, Science Museum na Landan ma yana da irin wannan dare lokaci-lokaci.